Hukuncin shiga wifi na maƙwabci ba da izininsa ba

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a unguwar Zariya, nan Maradi. Kusa da gidanmu akwai wani ofishi mai na'urar wifi, kuma abokina ya saka mini wata manhaja a waya wadda ta buɗe mini ita. Wata huɗu ke nan ina karatu da ita da dare bayan sun tashi. An ce mini forfe ɗinsu na intanet ba shi da iyaka, saboda haka ba abin da nake rage musu. Shin akwai laifi a kaina?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya. Abin da kake yi bai halatta ba, kuma wajibi ne ka daina daga yau.

Allah Maɗaukaki ya hana cin dukiyar juna da ɓarna a aya ta 29 ta Suratun Nisa'i, kuma a mazhabar Imamu Malik amfanin abu dukiya ne kamar shi abin kansa, shi ya sa ake biyan kuɗin hayar ɗaki ko ta babur alhali ɗakin da babur ɗin suna nan ba su tafi ko'ina ba. Malamanmu suna kiran cin amfanin abin wani ba da yardarsa ba ta'addi. Hadisin da ya fi kusa da mas'alarka shi ne na Abdullahi ɗan Umar, wanda Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Buhari da Muslim ma suka ruwaito, inda Annabi (SAW) ya hana mutum ya tatsi dabbar wani sai da izininsa, ya kuma kamanta hakan da a je ɗakin ajiyar mutum a fasa rumbunsa a kwashe abincinsa. Ka lura cewa nono yana sake taruwa a hantsa, amma wannan bai sa tatsar ta halatta ba.

Hujjarka ta cewa ba ka rage komai tana da asali a fiƙihu, don haka ba zan yi watsi da ita ba tare da bayani ba. Malamai sun halatta mutum ya sha inuwar katangar maƙwabcinsa ko ya ga hanya da hasken fitilarsa, domin inuwa da haske sun fito waje da kansu kuma mai su bai rasa komai ba. Wifi ya bambanta ta fuska biyu. Wayarka ba karɓa kawai take yi ba, tana aika saƙo cikin na'urarsu, tana aiki da layin da suka biya da sunansu, ta yadda duk abin da ka buɗe a kansu yake rubuce. Sannan sun sa kalmar sirri, kuma sa kalmar sirri magana ce a fili cewa ba su yarda ba. Ba inuwa ka tarar a hanya ba, ƙofa ka tarar a kulle.

Yana da kyau ka san abin da manhajar ta yi, domin hukunci yana bin haƙiƙanin abu. Da yawa daga irin waɗannan manhajoji suna bi ta wata kafa da ake kira WPS, wadda aka ƙera don sauƙaƙa haɗa waya da na'ura ta wata lamba mai alƙaluma 8. A ƙarshen 2011 aka bayyana cewa na'urar tana duba lambar rabi-rabi, abin da ya sa gwaji 11,000 ya isa a gano ta, wasu na'urorin kuma da sananniyar lamba suke fitowa daga kamfani. Wato mabuɗai aka yi ta gwadawa har ɗaya ya shiga. Raunin kwaɗo kuwa ba ya zama izini. Dokar Nijar ta 2019 kan laifukan intanet ita ma ta hana kutsawa cikin na'urar wani, kuma bin hukuma a irin wannan wajibi ne.

Wifi da aka bari a buɗe da gangan, kamar na otal ga baƙinsa ko wanda aka rubuta kalmarsa a bango, halal ne bisa al'ada. Wanda aka bari a buɗe don mai shi bai iya rufewa ba, a tambaye shi tukuna. Haka wanda aka ba kalmar sirri don kansa, amana ce a hannunsa, ba ya halatta ya nuna wa abokai hoton lambar da waya ke fitarwa don raba wifi su ɗauka.

Game da wata huɗun da suka wuce, ka tuba, ka goge manhajar, ka je wurin shugaban ofishin, ba maigadi ba, domin maigadi ba ya yafe abin da ba nasa ba. Idan ya yafe, shi ke nan. Idan ya nemi biya, ku daidaita kan kimar abin da ka ci. Idan kana tsoron fitina, ka aika dattijo ya nema maka.

Ka kuma kai musu nasiha, don na'urar ofishi tana haɗe da kwamfutocin da ke ɗauke da sirrin mutane, kuma sakaci da ita sakaci ne da amana. Su kashe WPS, su bar tsohon tsarin tsaron wifi mai suna WEP da aka daɗe da karyawa su koma WPA2 ko WPA3 da ya fito a 2018, su sa doguwar kalma wadda ba lambar waya ba ce, su kuma canza kalmar shiga saitin na'urar, wadda sau da yawa ake barinta yadda ta zo daga kanti. Yawancin na'urorin yanzu suna da sashen baƙi da ba ya kaiwa ga kwamfutocin ciki, kuma ba laifi ka roƙe su su buɗe maka shi don karatunka, ko kyauta ko da ɗan abin da za ka riƙa bayarwa a wata.

Allah ne mafi sani.