Filin Kanikawa: Ƙara wa Hilux ta kwalliya ƙarfi a zafin Katsina

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suka taru: a-kori-kurar da aka ƙawata don fita ranar Sallah ko rakiyar amarya, mai ita kuma yana so injin ya yi daidai da kwalliyar. Mun zaɓi guda biyar.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Hilux ƙirar 2012 mai shan fetur, injin lita 2.7. Na sake mata fenti, na ɗaga ta, na sa mata tayoyi masu inci 33. Tun daga nan ta yi nauyi. A hanyar Dutsin-Ma sai na daɗe a bayan tirela kafin in iya wuce ta. An ce in sa mata turbo. Me kuka gani?
Mai karatu daga Ƙofar Ƙaura, Katsina

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Injinka bai rasa ko doki ɗaya ba, tayoyin ne suka cinye ƙarfin kafin ya iso ƙasa. Idan tayar da motar ta zo da ita 265/65R17 ce, tsayinta milimita 776 ne, mai inci 33 kuwa ta kai 838. Bambancin kashi 8 cikin ɗari ke nan, kuma kusan wannan kason ne ya ragu a jan motar a kowace giya. In kuwa siririyar nan ce 205R16, asarar ta haura kashi 12. Agogon gudu ma ya daina faɗa maka gaskiya: a lissafin farko, yana nuna 100 kana kan 108.

Maganin yana cikin aksil, wato a canza kirawun da finiyon, giyoyin nan biyu masu haƙora da ke juya tayoyi. A buɗe a ƙirga haƙora. Kirawun mai haƙori 41 da finiyon mai 10 shi ne 4.10, mai 41 da 9 kuma 4.56. Wanda yake kan 4.10 ya koma taya 33, to 4.56 ne zai maido masa da motarsa yadda ya san ta, har da ɗan ƙari. Idan mai jan ƙafa huɗu ce, dole a canza gaba da baya su zama lamba ɗaya, in ba haka ba ranar da ka sa ta a giyar yashi gaba da baya za su yi ta jayayya har wani abu ya karye. Kada ka ba wanda zai ɗaura da ido. Wasan da ke tsakanin haƙoran bai wuce milimita 0.13 zuwa 0.18 ba, da agogon awo ake saita shi, a kuma shafa fenti a haƙoran a ga inda suke haɗuwa. In an kuskure, aksil zai riƙa kuka a kan kilomita 80 kuma ba zai daina ba. Bayan tafiyar kilomita 800 a zubar da man aksil a sa sabo.

Sai maganar turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska. Injin nan sunansa 2TR-FE, yana ba da ƙarfin doki wajen 160, kuma yana ɗaukar turbo in an yi masa a hankali. Amma ka sani turbon kansa shi ne ƙaramin abu a cikin aikin. Kafin a taɓa komai a auna matsin kowace silinda. In wata ta gaza 'yan'uwanta da fiye da kashi 10 cikin ɗari, a tsaya a gyara ringi ko bawul tukuna, domin turbo ba ya rufa wa gajiyayyen inji asiri. In ya ci wannan jarrabawa, za ka buƙaci manifol na turbo, bututun da zai kai masa baƙin mai da mai faɗi da zai maido shi cikin kwanon mai ta gangara, lagireton sanyaya iska a gaba, nozul masu ba da mai fiye da na asali, famfon mai da zai iya ciyar da su, fulogi masu sanyi da mataki ɗaya a matse bakinsu zuwa milimita 0.7 ko 0.8, da kuma kwamfutar da za a iya saitawa, don biren bokis na asali, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, bai san da zaman turbo ba.

A nan ne injina suke mutuwa. Fetur ɗin gidajen manmu mai lamba 91 ne ko kusa da haka, ba 98 da masu wannan aiki suke sha a Turai ba. Ka haɗa shi da iskar watan Afrilu da ta haura digiri 40, sai mai ya riƙa fashewa da kansa kafin lokacinsa. Za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. In ka ci gaba da taka wuta a haka, gefen fistin da ke riƙe ringi ne zai tsage. Don haka matsin turbo kada ya wuce psi 5 zuwa 6, a ja lokacin tartsatsin fulogi baya, a kuma ba shi mai isasshe: in an taka sosai awon iska da mai ya tsaya tsakanin 11.5 da 12, wato kason iska a kan kaso ɗaya na mai, ba 14.7 na tafiyar yau da kullum ba. Wannan ba a gane shi da kunne, sai da na'urar auna hayaƙi a jikin salansa. In wanda zai yi maka aikin ba shi da ita, ɗauki motarka ka tafi.

Shawararmu: fara da aksil, ka hau motar wata guda. Da yawa daga nan suke barin zancen turbo.

Tambaya: Motata lafiya lau take a kan titi, ko daga Daura zuwa Kano ba ta zafi. Amma in mun shiga jerin gwanon biki a cikin gari, da na'urar sanyi a kunne, sai allurar zafi ta tashi. Bakanikena ya cire tamostat, bai hana ba.
Mai karatu daga Daura

Amsa: Alhaji, wannan ita ce cutar motocin kwalliya, kuma mun fi damuwa da ita a kan duk wani ƙarin ƙarfi. Motar biki aikinta a tafiyar hawainiya take yin sa, da rana tsaka, babu iskar da ke dukan lagireto sai wadda fanka ta jawo. Ka tsaya gaban motarka ka duba: ƙarfen kariya, manyan fitilu biyu ko huɗu, wata doguwar fitila a tsakiya, ga lamba. Ta ina iska za ta shiga? A matsar da fitilun gefe ko sama.

Sannan a duba fanka. Da inji ya yi zafi aka kashe shi, a juya ta da hannu. In ta yi ta juyawa sakaka babu tirjiya, man da ke cikin kanta ya ƙare, sai a canza kan. Robar nan da ke kewaye da fanka, wadda ake yawan jefarwa bayan gyara, a nemo ta a mayar. Idan babu ita, fanka iskar gefe take ja maimakon ta cikin lagireto. A ƙara fankar lantarki mai inci 12 ko 14 a gaban kondensa, ta bi ta rile da fis mai amfiya 30, ta riƙa tashi tare da na'urar sanyi. A kuma zare lagireto a wanke tsakaninsa da kondensa, domin ƙurar hunturu da ƙaiƙayi suna yin tabarma a wurin, daga waje ba a gani.

Tamostat kuwa a mayar da shi. Na Toyota yana buɗewa a wajen digiri 82. In babu shi, da safe inji ba ya saurin kai zafin aikinsa, biren bokis ya yi ta ƙara masa mai, kuma a irin waɗannan injina shi ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji bai ratsa lagireto ba. Cire shi yana iya ƙara zafin ma. A daina zuba ruwan rijiya, gishirinsa ne ke toshe bututun. A sa jan ruwan lagireto na Toyota, ko a haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa, da sabon murfi mai lamba 1.1. Da wannan haɗin ruwan ba zai tafasa ba sai ya haura digiri 120.

Tambaya: Tawa mai shan gas ce, lita 3.0 mai turbo. Wani ya kawo mini ƙaramin akwati da ake jonawa a waya, ya ce zai ƙara doki 40. Na sa, ta ƙara ja, amma tana baƙin hayaƙi in na taka.
Mai karatu daga Ƙofar Marusa, Katsina

Amsa: Malam, cire shi yau. Irin wannan akwati mai araha ƙarya yake yi wa biren bokis, yana ce masa matsin mai ya yi ƙasa, shi kuma ya ƙara matsawa. Baƙin hayaƙin gas ne da bai sami iskar ƙonewa ba, kuma zafi ne yake tarawa a kan fistin. Injin naka 1KD-FTV ne, an san shi da abu biyu: in nozul ta gaji tana zubar da mai ba daidai ba takan tsaga fistin, in kuma wasar tagullar da nozul ke zama a kai ta fara yoyo, hayaƙi yana shiga baƙin mai ya daskare ya toshe rariyar famfon mai, sai metal, wato boris ɗin cikin inji, ya lalace.

Hanyar da ta dace ta fi tsawo. A jona kwamfuta a karanta gyaran da biren bokis ke yi wa kowace nozul. Wadda ta wuce 3 sama ko ƙasa ta fita daga ƙa'ida. A canza wasoshin. A leƙa rariyar ta ramin zubar da mai. In bel ɗin tayimin ya kusa kilomita 150,000 a sauya shi. A ƙara matatar gas mai raba ruwa, don gas ɗin jarka ba abin yarda ba ne a injin da matsin mansa ya haura dubu a ma'aunin bar. Saboda wannan matsin ne ma ba a kwance bututun nozul inji yana aiki, yana iya huda fata.

Bayan haka sai salansa mai faɗin inci 3 daga bayan turbo, da lagireton iska mai kyau, sannan a sake rubuta lissafin biren bokis ɗin kansa, ƙarin kada ya wuce kashi 15 zuwa 20. A dasa agogon zafin hayaƙi a manifol kafin turbo, in ya doshi digiri 700 a kan hawa ka sassauta ƙafa ko ka sauko giya. Kulocin asali zai fara zamewa a giya ta huɗu da ta biyar, ka tanadi kuɗin mai ƙarfi. In otomatik ce, a ƙara wa man giya nasa ɗan lagireton. Kuma in ka dawo daga doguwar tafiya, ba shi minti ɗaya ko biyu a kunne kafin ka kashe, turbo ya huce.

Tambaya: Ina so in cire injin tsohuwar Hilux ɗita in sa mai silinda takwas, don sautin da kuma a buɗe bonet a gani. Wanne zan nema?
Mai karatu daga Daura

Amsa: Ɗan'uwa, 1UZ-FE mai lita 4.0, wanda ya fara fitowa a Lexus LS400 a 1989. Jikinsa gorar ruwa ne, ba shi da nauyi, yana ba da doki wajen 250. Ɗan'uwansa 2UZ-FE mai lita 4.7 na Land Cruiser da Tundra ya fi shi ja, amma jikinsa ƙarfen zubi ne, zai danne gaban motar sai an canza sifirin. In za ka sayi ɗan Kwatano, a Ƙofar Ruwa ta Kano ne ko a Ladipo ta Legas, kada ka karɓi inji tsirara. Ka haɗa da giyarsa, biren bokis, wayoyinsa ba a yanke ba, da na'urar auna iska. 1UZ na kafin 1997 sun fi sauƙin haɗawa. Masu VVT-i (tsarin sauya lokacin buɗe bawul) da suka zo daga 1997 suna da tsaron makulli, in ba a haɗo maka da makullin da ya dace da biren bokis ɗin ba, injin ba zai tashi ba.

Tun yana ƙasa a canza bel ɗin tayimin da famfon ruwa, a kuma gyara sitata, domin a tsakiyar injin take, ƙarƙashin manifol na iska. Biren bokis na tsofaffin a buɗe a duba, kafasitocinsa sukan yi yoyo su ci allon. Wuraren da aiki ke tsayawa su ne kwanon mai da ke karo da aksil na gaba ko sandar sitiyari, ƙafafun inji da za a ƙera, farfela da za a rage ko a ƙara a kuma daidaita ta, da lagireto mai kauri. Ka nemi rewaya tun kafin ka sayi injin, rabin aikin nasa ne. Birki ma dole a ɗaga shi. Ka adana rasit, ka je ofishin rajistar motoci a gyara lambar inji a takardunka, musamman kai da kake kusa da Kwangwalam inda ake yawan duba takardu.

Idan Hilux ɗin daga ƙirar 2005 zuwa sama ce, ka duba 1GR-FE mai silinda shida, lita 4.0, doki wajen 235. Kamfani ya fitar da wasu da shi, don haka ƙafafu da giya duk akwai na asali.

Tambaya: Ɗana yana so a cire indomin salansa a sa matatar iska mai kama da mazurari, wai motar za ta ƙara gudu. Gaskiya ne?
Mai karatu daga Katsina

Amsa: Hajiya, ƙara za ta ƙaru, gudu kuwa da wuya ya ji bambanci. Indomi, wato matatar da ke rage gubar hayaƙi a cikin salansa, in bai toshe ba ba ya rage ƙarfin a-zo-a-gani, cire shi kuma yana kunna fitilar gargaɗi ya bar mutanen da ke bayan motar a jerin gwano da shaƙar hayaƙi mai guba. Matatar mazurari a ƙarƙashin bonet iskar inji mai zafi take zuƙa, tana barin ƙurar hunturu ta wuce ta ci ringi, man da ake shafa mata kuma yana ɓata na'urar auna iska. Ya bar akwatin asali da matatar takarda, ya riƙa duba ta duk sati biyu a lokacin hazo. In sauti yake so, a canza tukunyar salansa ta baya kawai, bututun ya tsaya a inci 2 da kwata ko 2 da rabi.