Raga ta girmi ƙwallo

Ɗana, saƙonka ya iso, ina fata kowa lafiya. Ka ce abokanka na garin Madani, nan Sudan, sun yi maka dariya da ka ce ƙwallo ta shiga raga, su kalmar Larabci shabaka suka sani, har kana tambaya ko don wasan aka ƙaga kalmar.

A'a, raga ta girmi ƙwallo nesa ba kusa ba. Igiya ce ake saƙawa ido-ido, a danƙara mata harawa ko ciyawa a ɗora wa jaki. Kakanka, Allah ya jiƙansa, yana da guda biyu rataye a zaurenmu na Mai Wurno. Da mutanenmu suka ga abin da aka ɗaura bayan sanduna, sai suka ba shi sunan abin da suka sani. Balarabe kuwa komai shabaka ne a wurinsa: ta kamun kifi, ta filin wasa, har sabis ɗin waya. Mu mun rarrabe. Ta masunta koma ce ko taru, ta kwanciya gidan sauro.

Wani injiniya na Liverpool, John Brodie, shi ya ƙirƙiro ragar ƙwallo a 1889, don a huta da musun ta shiga ko ba ta shiga ba. Musun nan kam mun sha shi! A dafurinmu, wato ƙwallon unguwa na bayan la'asar, duwatsu biyu ne gida, ƙwallon kuma tsohuwar safa ce cushe da tsumma, ba a tashi sai an yi rantse-rantse. Shi ya sa har gobe mai tsaron gida nake ce wa gola. Mai tsaron raga a bakin 'yan rediyo na tsince shi, kuma bai zauna mini ba, don ba ragar yake tsaro ba. A doka, da zarar ƙwallo ta gama tsallake layin da ke tsakanin sandunan nan, mita 7.32, an ci, ko ba ta taɓa zare ɗaya ba.

Amma daɗin ci a girgizar raga yake. A 1970, ranar da Sudan ta doke Gana da ci ɗaya a Khartum ta ɗauki kofin Afirka, mun yi cincirindo gaban rediyo ɗaya. Mai sharhi na ihun "gon", wato an ci, kakanka da bai taɓa kallon wasa ba ya leƙo daga zaure yana tambaya ragar wa aka zura wa.

Ka gaida mahaifiyarka.