Hutu a jirgin ruwa da iyali: wane ɗaki, wane abinci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigida da yaranmu uku muna shirin hutun mako guda a babban jirgin ruwan yawon buɗe ido. Ɗaki ɗaya zai ishe mu? Kuma ina labarin abincin halal? (Wata uwa daga Gusau, Jihar Zamfara)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Da wuya ɗaki ɗaya ya ɗauke ku. Yawancin ɗakunan mutum huɗu ne iyakarsu, kuma ko jinjiri ana ƙirga shi, domin lissafin yana haɗe da kujerun kwale-kwalen ceto. Ku nemi ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, tun da wuri, don su ke fara ƙarewa.

Mafi araha shi ne ɗakin ciki marar taga, inda sai agogo zai gaya muku gari ya waye. Mai taga ya fi shi, sai dai tagar ba ta buɗuwa. Mai baranda daɗi ne, amma da ƙananan yara a kulle ƙofarsa, a janye kujera daga jikin shinge. Matsayin ɗakin ya fi irinsa muhimmanci: tsakiyar jirgi a benen ƙasa-ƙasa ya fi ƙarancin tangaɗi ga mai jiri. Ku duba taswirar benaye, kada ku faɗa ƙarƙashin wurin iyo ko wurin kiɗa, inda ake jan kujeru tun asuba. Ku tafi da buta. Shi masai na ɗakin, da ƙarfin iska yake zuƙe ƙazanta, bututunsa siriri ne, tsumman goge jariri ɗaya kan toshe shi har da na maƙwabta. Dutsen guga kuwa ƙwacewa ake yi a ƙofar shiga, saboda gobara.

Kuɗin tikiti ya haɗa da babban zauren cin abinci da wurin ɗibi-da-kanka. Gidajen abinci na musamman da lemon kwalba yawanci biya ake daban, ga kuma kuɗin hidimar ma'aikata da kamfanoni da yawa ke ɗorawa kowane fasinja kullum.

Halal fa ba a zato. Ku rubuta buƙatar lokacin yankan tikiti, makonni kafin tafiya, ku riƙe amsar a rubuce. Daren farko maigida ya ga shugaban masu kawo abinci, za a riƙa nuna muku jerin abincin gobe tun yau. Ko kifi kuka zaɓa, ku tambayi miyarsa, don Turawa na girki da giya, wasu kayan zaƙin kuma da sinadarin jelatin na alade. Da yara, zaman cin dare na wajen ƙarfe 6 ya fi na bayan ƙarfe 8. Ɗan yaji a jaka yana ceton baki.

In kuna son hutawa da wannan bincike, akwai Aroya, kamfanin Saudiyya da ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024: abincinsa halal ne, kuma akwai wurin salla a jirgin.