Sababbin Matakan Doom Sun Ƙi Fitowa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya. Wana ya bar mini tsohuwar kwamfutarsa, da wasan Doom a ciki. Na sauke wasu matakai da masoya wasan suka ƙirƙira, amma duk lokacin da na kunna sai in ga tsohon mataki na farko. Guda ɗaya da ya buɗe kuma, na danna makunni har na gaji, ƙofa ta ƙi motsi. Ina gyaran yake?
Ƙaninka daga Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi, domin a wani shagon kwamfuta a Samaru na fara buga wannan wasa, kuma har yau ina komawa gare shi.

Kamfanin id Software ya fitar da Doom a 1993, sai Doom II a 1994. Kowanne yana da babban fayil ɗinsa, doom.wad ko doom2.wad, kuma a kansa fayil ɗin masoya yake hawa. Doom na farko yana kiran matakansa E1M1, E1M2. Na biyu kuwa MAP01, MAP02. Idan abin da ka sauke MAP01 ne ka ɗora shi kan doom.wad, wasan ba zai neme shi ba, tsohon matakin zai ba ka. Ina kyautata zaton nan ka maƙale, saboda yawancin matakan masoya don Doom II aka yi su. In ba ka da doom2.wad, akwai wani wasa da masoya suka yi mai suna Freedoom Phase 2, kyauta ne, kuma fayil ɗinsa yana tsaya masa.

Ƙofar kuma wata magana ce daban. Bayan an saki lambobin shirin wasan a 1997, sai aka yi Boom a 1998, wani sabon inji (wato shirin da ke tafiyar da wasan), wanda ya ƙaro dabarun ƙofofi da makunnai da ainihin injin bai san su ba, don haka ƙofar da aka gina da su ba za ta motsa a tsohon injin ba. Shi ma injin Chocolate Doom bai san su ba, don da gangan yake kwaikwayon na asali. Ka sa GZDoom, injin da ya san su, ka ja fayil ɗin matakan da linzami ka saki a kan gzdoom.exe, sannan ka zaɓi doom2.wad.

Don Allah ka riƙa buɗe ɗan fayil ɗin .txt da ke zuwa tare. A nan mai aikin yake rubuta wasan da injin da ya gwada da su, da lambar matakin da ya sauya. In MAP07 ne, rubuta idclev07 kana cikin wasa, zai kai ka matakin kai tsaye. Kada ka yi tsalle a cikin wasan sai mai aikin ya ce an yarda, don tsalle kan kai ka wurin da ba a shirya maka hanyar fita ba.