Ɗalibaina suna tsinto tsingaro a kufai, ya zan yi da shi?

Tambaya: Ni malamar firamare ce a Alƙaleri. Yarana kan zo min da tsingaro mai zane da kashin maƙera (dattin da ke saura in an narka ƙarfe) daga wani kufai a bayan gari. Ina so in ware kusurwa a aji in jera su. Ko akwai laifi?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Niyyarki ta yi kyau, amma ki fara da hana su tono. Abin da ke ba tsingaro daraja shi ne wurin da ya kwanta. In aka same shi a ƙasa tare da gawayi, gawayin ake kaiwa a auna a san shekarun wurin. Da zarar yaro ya zare shi ya jefa a aljihu tare da gyaɗarsa, shi ke nan, wannan shaidar ta tafi. Kuma dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta haramta haƙa ba izini, haka saye da sayar da irin waɗannan kaya.

Wanda ya riga ya shigo hannunki kuwa, kada ki zubar. Kowane guntu ki sa shi a ledarsa da 'yar takarda: wa ya tsinta, a gonar wa, wace rana. Sai ki shaida wa mai unguwa, ki kuma kai labari ga ma'aikatan gidan tarihi a Bauchi su zo su gani.

Kusurwar aji ba laifi, amma kayan da aka jera shiru ba sa koyar da yaro komai. Na sha ganin yara sun wuce gilashin nuni suna hamma, amma ka miƙa wa yaro tsingaro ka ce ya shafa zanen, ya faɗi da me aka yi shi, nan take aji ya kaure da gardama. Wani ya ce igiya aka murza a jiki, wani ya ce tsinke ne. Ki gayyato tsohuwa mai ginin tukwane ta raba musu gardamar da ɗanyen yumɓu a gabansu. Ki kira maƙeri ya ɗaga kashin nan ya yi bayanin yadda kakanninsa ke narka tama. Sau da yawa sun fi mu masu digiri iya bayani, ko da yake ba kowa a cikinmu ke son jin haka ba.

Ga ki kuma a bakin Yankari. Yawancin masu zuwa giwa da ruwan Wikki ne ke kai su, alhali a dajin akwai kogunan Marshall da mutane suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, da tsofaffin matoyar ƙarfe. In an samu mota, zanen dutse na Geji da na Shira ma duk a jiharmu suke. Ranar 18 ga Mayu ce ranar gidajen tarihi ta duniya, ki nemi shugaban makaranta tun yanzu a sa ziyarar a wannan makon, kafin damina ta kankama hanya ta ɓaci.