Wane gado Adamu Halilu ya bar wa finafinan Hausa?

Ɗan'uwa daga Ringim, ka ce malaminku ya ba ku aiki kan Adamu Halilu, ka tambayi mai gidan kallon ƙauyenku ya ce bai taɓa jin sunan ba. Ba laifinsa ba ne. Nima a kan benci na taso, janareta na ƙara a bayan zana, muna kallon finafinan Kano da na Indiya, sai da na girma na san shi.

Shi ne ya ba da umarnin fim ɗin Shaihu Umar a 1976, labarin yaron da aka sace aka ratsa Sahara da shi cikin bauta, ya komo babban malami. Abin da ya bari shi ne hujjar cewa Hausa zalla, da rawaninmu da zaurenmu da karatun allo, za su iya ɗaukar babban fim na majigi. An daɗe ba a ganinsa, sai aka gyara faifansa aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a Jamus a 2018.

Kurakurai biyu nake yawan gani. Wasu su ce shi ya rubuta labarin, alhali littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ne. Wasu kuma su jefa shi cikin Kannywood, wadda ta soma da kaset ɗin bidiyo wajen 1990.

Kada ka dogara da rubutun Facebook. In ka samu kuɗin mota, ka shiga Jami'ar Bayero ka nemi malaman fim, ko ka tuntuɓi Hukumar Finafinai ta Nijeriya da ke Jos.