Hukuncin Shiga Hadayar Wuta ta Mabiya Hindu da Cin Abin da Aka Raba a Wurin

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗalibi ne a garin Pune, ƙasar Indiya. Mai gidan da nake haya mabiyin Hindu ne, dattijo mai kirki; da na kwanta ciwo shi ya kai ni asibiti. Bara, ranar bikin haihuwar Rama, suka kira malaminsu ya hura wuta a tsakar ɗaki, suka gayyace ni. Na zauna, aka miƙo mini hatsi na jefa a wutar kamar kowa, aka shafa mini toka a goshi, na ci alewar da aka raba. Na ɗauka al'ada ce irin ta fina-finansu, kuma gaskiya na ji natsuwa a wurin. Yanzu ya ce zai sa a yi wata domin lafiyata da cin jarrabawata, wai ai Allah ɗaya ne, hayaƙin ma magani ne. Malam, ya halatta in je? Kuma yaya imanina game da abin da ya wuce?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka koma. Bai halatta ka je ba, bai kuma halatta ka yarda a yi da sunanka ba. Amma hukunci ba ya zama a zuciya sai an san abin da aka yi hukuncin a kansa, don haka bari in fara da abin da ka zauna a gabansa.

Wannan hadaya suna kiran ta homa ko havan, kuma tana daga tsofaffin ibadun addininsu. A wurinsu wuta abin bauta ce mai suna Agni. Da yabonsa littafinsu Rigveda ya buɗe, kuma suna ɗaukar sa ɗan aike mai kai hadaya ga sauran ababen bautarsu. Ana jera itace, galibi na mangwaro, a wani murhu mai kusurwa huɗu. Malaminsu yana karanta addu'o'i da harshen Sanskirit, yana ambaton sunan wanda ake yi wa hadayar, ana zuba man shanu da shinkafa da riɗi da sha'ir, kowane zubi a ce "suwaha". Tun farko yakan ƙulla niyya a fili, ya faɗi sunan mai buƙata da buƙatarsa. Ka ga ke nan hatsin da ka jefa shi ne zuciyar ibadar.

Shi kuwa Rama, a aƙidarsu Bishnu ne, ɗaya daga manyan ababen bautarsu, ya sauko duniya cikin jikin mutum. Sun fi lissafa saukowa goma: kifi, kunkuru, aladen daji, mai rabin mutum rabin zaki, wada, sannan Parashurama, Rama, Kirishna, sai Buddha a lissafin da yawansu, da Kalki wanda suke jira. Wannan shi ne malamanmu ke kira hululi, wato a ce Mahalicci ya shiga jikin abin halitta. Alƙur'ani ya yanke magana a kansa a game da wanda ya fi waɗannan duka daraja a wurinmu, Annabi Isa (AS): "Haƙiƙa waɗanda suka ce Allah shi ne Almasihu ɗan Maryam sun kafirta" (Ma'ida: 72). Idan ba a karɓi wannan da'awa ga Annabi manzo ba, ga wa za a karɓe ta? "Babu wani abu da ya yi kama da shi" (Shura: 11). Wanda bai haifa ba, ba a haife shi ba, ba a yi masa bikin ranar haihuwa.

Maganar dattijon cewa Allah ɗaya ne, kada ka ƙaryata shi, da gaske yake yi. Tun wajen shekarar 1030 masanin nan Musulmi Albiruni, wanda ya koyi harshensu ya zauna da malamansu, ya rubuta cewa masu iliminsu suna ikirarin Ubangiji ɗaya. Sai dai Ƙuraishawa ma sun yarda Allah ne ya halicci sammai da ƙasa, hujjarsu ita ce "ba mu bauta musu sai don su kusantar da mu zuwa ga Allah" (Zumar: 3), kuma wannan bai fitar da su daga shirka ba. Tauhidin da Annabawa suka zo da shi yana nan ne a wajen wa ake kira, wa ake miƙa wa hadaya: "Ka ce: lallai sallata da yankana da rayuwata da mutuwata na Allah ne Ubangijin talikai, ba shi da abokin tarayya" (An'am: 162-163). Ko a cikinsu akwai ƙungiyar Arya Samaj, wadda Dayananda Saraswati ya kafa a 1875, ta ƙi gumaka ta ƙi aƙidar saukowa, amma tana hura wutar. Ita ma ba ma shiga tata, domin ibada ba a yin ta sai yadda Manzo (SAW) ya koyar.

Wani zai ce ai a zamanin Annabawan farko wuta tana cin hadaya, kamar yadda aya ta 183 a Ali Imrana ta nuna. Waccan hadaya Allah kaɗai ake yi wa, wutar kuma alamar karɓa ce daga gare shi. Babu wanda ya kira ta ko ya roƙe ta. A wurinmu wuta baiwar Allah ce mai bin umarni; ya ce mata ta zama sanyi da aminci ga Annabi Ibrahim (AS), ta zama.

To zama kawai fa, ba tare da jefa komai ba? Shi ma ka bar shi. Abu Dawud ya ruwaito cewa wani mutum ya yi bakancen soke raƙuma a wani wuri mai suna Buwana. Annabi (SAW) bai ba shi izini ba sai da ya tambaya: akwai gunkin da ake bauta wa a wurin a jahiliyya? Ana yin wani idinsu a can? Lura da kyau, yankan na Allah ne, mai yankan Musulmi ne, amma aka binciki wurin. Ina ga zama a da'irar a lokacin da ake kiran wanin Allah? Magabata da dama sun sa bukukuwan mushirikai cikin fassarar "waɗanda ba sa halartar ƙarya" (Furƙan: 72).

Natsuwar da ka ji, ban ce ƙarya ba ce, kuma a nan nake so ka tsaya ka yi tunani, don ta wannan ƙofa ake janye mutane da yawa. Baƙo ne kai, nesa da iyaye, ka tashi daga ciwo, ga ƙamshi, ga murya mai rerawa, ga mutane sun kewaye ka da kulawa. Kowace zuciya za ta yi laushi. Amma jin daɗi ba ya zama hujjar gaskiya. A gida ma wanda aka yi wa girka a bori yakan ce ya samu sauƙi, kuma hakan bai halatta yanka wa iskoki ba. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud ta ce masa idonta yana ciwo, in wani Bayahude ya yi mata tofi sai ya lafa. Ya ce mata aikin Shaiɗan ne, ya koya mata addu'ar Annabi (SAW): "Azhibil ba'asa Rabban nas, ishfi antas Shafi." Allah kuma ya ce kada ka kira wanda ba ya amfanar ka, ba ya cutar da kai, kuma idan ya shafe ka da cuta babu mai yaye ta sai shi (Yunus: 106-107). Hayaƙi kuwa ba shi ne matsalar ba. Turaren wuta halal ne, Annabi (SAW) ya yi turare da itacen ud. In akwai amfani a ƙamshin wani itace, saya ka turara ɗakinka da bisimilla.

Alewar da aka ajiye gaban abin bauta, wadda suke kira prasad, suna cin ta ne don neman albarkarsa. Malamai sun yi magana a kan ko ayar "abin da aka ambaci wanin Allah a kansa" (Ma'ida: 3) ta taƙaita ga yanka ko ta haɗa da irin wannan. Abin da na rinjayar shi ne ka nisance ta, ita da tokar goshi, don karɓarsu shiga ne cikin neman albarkar. Abincin gidansu na yau da kullum wanda ba nama ba, da kyautar da ba a kai gaban gunki ba, ka karɓa ka ci ka gode. An ruwaito daga Nana A'isha (RA) game da kyautar Majusawa ranar idinsu cewa kada a ci abin da aka yanka don ranar, amma a ci 'ya'yan itatuwansu.

Game da abin da ya wuce: aikin shirka ne, ba zan sassauta maka sunansa ba. Amma kai ka yi shi ba ka san ibada ba ce, zuciyarka ba ta nufi Agni ko Rama ba, don haka ba na hukunta ka da fita daga Musulunci. Sababbin shiga Musulunci sun roƙi Annabi (SAW) ya sanya musu bishiyar neman albarka irin Zatu Anwaɗ ta mushirikai. Ya tsawatar musu ƙwarai, bai kafirta su ba. Allah ya ce babu laifi a kanku cikin abin da kuka yi kuskure, sai abin da zukatanku suka yi da gangan (Ahzab: 5). Ka yi istigfari, ka yawaita kalmar shahada, kada ka bar waswasi ya cinye ka. Sai dai daga yau ka sani, uzurin jahilci ya ƙare.

Dattijon nan yana da haƙƙi a kanka. Allah bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba (Mumtahana: 8), ya kuma hana mu zagin abin da suke bauta wa (An'am: 108). Ka same shi kafin ya kira malamin nasu ya kashe kuɗinsa. Ka gode masa, ka ce addininka bai yarje maka shiga ibadar wani addini ba ko a ambaci sunanka a cikinta. Musulmi sun fi miliyan 170 a Indiya, wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnensa. In yana son yi maka alheri, ka ce ya ciyar da mabuƙata. In ya yi abinsa bayan ka hana, babu komai a kanka. Ranar da za su hura wutar ka tafi masallaci ko ɗakin karatu, in sun gama ka dawo ka gaishe su kamar kullum, in ya yi rashin lafiya ka duba shi. Don lafiyarka da jarrabawarka kuwa, ka riƙe azkar na safe da yamma, ka karanta Baƙara a ɗakinka, ka sha maganinka, ka dage da bita, ka kira mahaifiyarka ta sa maka albarka.

Wallahu a'alamu.